Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Keke a Ƙasa Mai Hawa da Gangara

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin sun taru a kan abu ɗaya, wato doguwar tafiya a keke ta cikin ƙauyuka masu tudu da tsofaffin garuruwa, don haka na ware filin gaba ɗaya saboda shi. Masu tambayar keken motsa jiki na cikin ɗaki ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da abokina mun shirya yin kwana biyar a keke a yankin Toskana na Italiya, daga San Gimignano mu bi ta Siyena mu ƙare a Montepulciano. Mun saba yin kilomita 80 a rana ba tare da wata gajiya ba, to mun ce mu yi haka a can ma. Ya kake gani?

AMSA: Ɗan'uwa kilomita 80 ɗin da kuka saba, a wace irin hanya? Idan shimfiɗaɗɗiya ce to gaskiya ka ajiye wannan lissafin a gefe, don a ƙasa mai tudu ba tsawon hanya ne ke cin mutum ba, hawa ne. Abin da za ka fara dubawa a taswirar wayarka shi ne jimillar mitar da za ku hau a ranar, duk manhajojin tsara hanya irin su Komoot da Strava suna nuna ta, sai dai mutane ba sa kula, ido yana kan kilomita kawai.

Bari in yi maka lissafin a sauƙaƙe. Kai da kekenka da kayanka a ce kilo 100. Mutum mai matsakaicin ƙarfi da zai iya wuni yana tuƙi, ƙarfin da yake bayarwa bai wuce kamar wat 100 ba (wat ma'aunin ƙarfi ne), to da wannan ƙarfin ɗaga kilo 100 zuwa sama mita 100 yana cin wajen minti 16, ban da iska da gurzar taya. Ke nan ranar da ke da hawan mita 1,000 ta cinye maka kusan awa uku a hawa zalla, kafin ka zo kan tafiyar fili, kafin cin abinci, kafin ɗaukar hoto, kafin ɓatan hanya wanda shi kam dole ne. Kuma kar ka ce ai gangara za ta biya ni, ba ta biya, hawan da ya ci maka minti 40 za ka sauko shi a minti 7 ko 8, sai ka tarar da wani yana jiranka a gaba.

Sannan ga wani abu da ba a faɗa wa mutane, garuruwan nan da kuka lissafa duk a kan tudu suke zaune. Ruwa ba ya tsami banza, mutanen zamanin da sun gina su a sama ne saboda tsaro, a hango abokin gaba tun daga nesa, kuma wuraren da ke da fadama a ƙasa sauro da zazzaɓi sun hana su zaunuwa. Siyena tana kan tudu sama da mita 300 daga teku, Montalcino da ke wannan yankin ta haura mita 560, Montepulciano kuma wajen mita 600. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne hawan da ya fi kowanne zafi yana zuwa ne a ƙarshen wuni, lokacin da cinya ta riga ta mutu kuma gorar ruwa ta yi rabi. Misali in ka nufi San Gimignano a keke, za ka hango hasumiyoyinsa, su 14 da suka rage cikin 72 da aka ce garin ya taɓa yi, ka ce alhamdulillah mun iso, nan ne za ka gane abin da ake nufi da hangen Dala ba shiga birni ba. Ni ranar farko da na yi irin wannan tafiyar sai da na sauka sau uku a hawan ƙarshe, wata tsohuwa da jakar cefanenta ta wuce ni a ƙafa tana min murmushi.

Shawarata, ku yi kilomita 45 zuwa 55 a rana, hawan kar ya wuce mita 700 ko 800, rana ta uku ku sassauta sosai ko ma ku kwana biyu a Siyena. Ai ba gudu kuka je yi ba, idan ka isa gari da magariba a gajiye ka faɗa kan gado to me ka gani? Tsakanin San Gimignano da Siyena akwai Monteriggioni, ɗan ƙaramin gari ne da ganuwarsa ke nan zagaye tun ƙarni na 13, mutanen Siyena ne suka gina shi don tare hanyar mutanen birnin Fulorans, ya kamata ku ba shi ko da awa ɗaya. Hanyar nan kuma wani ɓangare ne na tsohuwar hanyar Via Francigena da masu ziyara ke bi zuwa Roma, wadda wani babban limamin cocin Kantabari na Ingila mai suna Sigeric ya rubuta zangunanta a dawowarsa shekarar 990.

Wani abu na ƙarshe, yankin yana da fararen hanyoyin tsakuwa, kyawun wurin ma a nan yake, a kansu ake yin taron hawan keke na L'Eroica da aka fara a Gaiole in Chianti a 1997, inda ake hawa tsofaffin kekuna, doguwar hanyarsu kilomita 209 ce da hawan sama da mita 3,500 a rana ɗaya. Su wannan sha'aninsu daban. Ku in za ku bi ta tsakuwa ku ƙara lokaci a lissafinku.

TAMBAYA: Yallaɓai ni matsalata gwiwa ce. Da na fara hawan tudu sai ta fara min zafi ta gaba, kekena na tsere ne mai siririyar taya, abokaina sun ce rashin ƙarfi ne in ƙara dagewa.

AMSA: Kar ka dage, abokanka ba su za su yi maka jinyar gwiwa ba. Mafi yawanci matsalar giya ce. Ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba, wanda ke jikin feda, sannan ka ƙirga na babban farantin baya. Kekunan tsere da yawa za ka samu 34 ko 39 a gaba da 25 ko 28 a baya, wannan an yi shi ne don ƙarfafan samari marasa kaya. Tayar irin kekenka zagayenta wajen mita 2.1 ne, idan kana kan 34 da 25 duk juyin feda ɗaya sai ka tura kanka da kayanka kusan mita 3 a kan tudu, dole ka riƙa dannawa da ƙarfin tsiya a hankali a hankali, wannan dannawar ce ke cin gwiwa. Idan ka koma 34 da 34 juyi ɗaya ya zama mita 2.1, idan kuma keken yawo ne mai faranti uku, 26 a gaba 34 a baya, ya sauko mita 1.6, ƙafa tana juyawa da sauƙi kamar mai taka keken ɗinki. Eh za ka riƙa tafiya kamar kilomita 6 a awa, mai sassarfa ma zai iya kamo ka, to sai me, kana dai hawa kuma gobe za ka iya tashi.

Je wurin bakaniken keke ka ce a sa maka farantan baya masu manyan haƙora, shi zai duba ko abin da ke canza sarƙar zai iya ɗauka, wani lokacin sai an canza shi an kuma ƙara tsawon sarƙa. Sannan a duba tsawon sirdi. Zafin gaban gwiwa sau da yawa alamar sirdi ya yi ƙasa ne, in ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, to ka kusa daidai. Kuma ka riƙa sauke giya tun kafin hawan ya kama ka, ba sai kana tsakiyarsa sarƙa na ƙara kamar za ta tsinke ba. Idan ka gyara duk wannan zafin bai tafi ba, ko gwiwar tana kumbura, wannan na likita ne ba nawa ba.

TAMBAYA: Ni mace ce, shekaruna 56, ban daɗe da komawa hawa keke ba. Ina son ganin tsofaffin garuruwa da duwatsu amma wallahi ina tsoron hawa. Akwai hanyar da ta dace da irina ko in haƙura?

AMSA: Hajiya haƙura kuma? Ai ke ce ma za ki fi masu gudu morewa. Dabarar ita ce ki nemi hanyar da kogi ko jirgin ƙasa ya riga ya yi miki aikin. Kogi kullum ƙasa yake nema, shi kuma jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, don haka duk inda aka shimfiɗa masa dogo an fasa dutse an yi gada an daidaita masa hanya, to idan aka cire dogon aka mayar da wurin hanyar keke sai ki samu kina tsakiyar duwatsu amma hawan kaɗan-kaɗan ne.

Ta kogi, wadda aka fi sani ita ce hanyar Danub daga Passau a Jamus zuwa Biyana babban birnin Ostiriya, wajen kilomita 320, yawancinta kwalta ce ta kekuna kaɗai, kuma idan kika bi yadda ruwan ke gangarawa kusan ba ki da wani hawa. Mutane suna yin ta a kwana shida ko bakwai. Za ki wuce Linz, ki zo Melk mai katafaren gidan ibadar nan a kan dutse, daga nan ki shiga kwarin Wachau wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, duwatsu dama da hagu ke kuma kina ƙasa a bakin ruwa hankalinki kwance. A Dürnstein akwai kufan gidan da aka tsare sarkin Ingila Richard na ɗaya a ƙarshen 1192 yana hanyar komawa gida, in kina son ganinsa sai ki ɗaure keken a ƙasa ki hau da ƙafa. Wani daɗin hanyar, akwai jirgin ƙasa da na ruwa a kusa, ranar da jiki ya ƙi sai ki hau da kekenki ba wanda zai tambaye ki.

Ta tsohon dogo kuma akwai Parenzana, ni ita ta fi burge ni amma ta ɗan fi wuya. Siririn layin dogo ne mai kilomita 123 da ya yi aiki daga 1902 zuwa 1935 tsakanin Trieste da Poreč, yanzu yana ratsa ƙasa uku, Italiya da Sulobeniya da Kuroshiya. Yana bi ta kusa da Grožnjan da gindin Motovun, garuruwan dutse ne masu lunguna, akwai gadoji da ramukan da aka fasa cikin dutse, saboda haka ki tafi da fitila mai kyau, wasu ramukan duhu ne ƙirin. Ɓangaren Kuroshiya tsakuwa ce mai ɗan kaushi, sai faffaɗar taya. Kuma in faɗa miki gaskiya, dogon ya kai ki gindin Motovun ne kawai, shiga garin sai kin hau, ba laifi ki tura keken. Ki fara da Danub Hajiya, idan jiki ya saba sai ki zo wannan.

TAMBAYA: Malam kowa hawa yake kuka da shi, ni gangara ce ke tsinka min zuciya. Sau ɗaya na riƙe birki tun daga sama har ƙasa, da na tsaya rim ɗin ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

AMSA: Allah ya kiyaye ka ne malam. Duk wahalar da ka sha ka hau sama ba ta ɓace ba, a gangara take dawowa, kuma birki ba abin da yake yi illa mayar da gudun zafi. Idan birkinka mai kama rim ne kuma ka riƙe shi ba saki, rim ya yi zafi, tub ɗin ciki ya yi zafi, yana iya fashewa kana tsakiyar gudu. Mai faifai shi ba ya fasa taya amma idan ya yi zafi da yawa kamunsa yana raguwa, ka matsa ka ji kamar ba komai.

Yadda ake yi, ka matsa da ɗan ƙarfi gudu ya ragu sosai, ka saki ya sha iska, ka sake. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke da gaske, mutane suna tsoronsa ne don kar ya kifar da su, to ka ja jikinka baya kan sirdi ka matsa shi a hankali tare da na baya, ba fizga ba. Rage gudu kafin ka shiga kwana, cikin kwanar kuma ka ɗaga fedar da ke ɓangaren da kake karkatawa kar ta daki ƙasa, idonka yana inda kake son zuwa ba bakin rami ba. A tsakuwa ka ninka hankali, tayar gaba in ta zame ba ta yin sallama. Doguwar gangara ka tsaya a tsakiya minti biyar ka taɓa rim ka ji, amma faifai kar ka taɓa shi, zai ƙona ka. Kafin tafiya a duba robar birki, a sa kaya masu nauyi a ƙasan jaka kuma dama da hagu su yi daidai, hular kwano kuwa ba sai na faɗa ba.

Af, ka sa riga mai tare iska kafin ka fara saukowa. Duk hawan mita 1,000 zafin gari yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, ga gumi ya jiƙa ka, ga iska, sai ka ji yatsu sun ƙage, yatsun da za su ja birkin.

TAMBAYA: Wai keke mai batir ba ha'inci ba ne?

AMSA: Wa ka ha'inta? Ba gasa ake ba. Shi ne ma ke sa miji da mata ko uba da ɗa su iya tafiya tare ba wanda ke jiran wani a saman kowane tudu. A ƙasashen Tarayyar Turai wanda ake ɗauka a matsayin keke shi ne mai injin wat 250 da ke taimaka maka kawai idan kana juya feda, kuma ya daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Abu biyu ka sani, hawa yana shan batir fiye da yadda allon ke nuna maka da safe, kuma idan ya mutu ka koma tura ƙarfe mai kilo ashirin da wani abu. Sannan batirin ba ya shiga jirgin sama na fasinja, iyakar da ake yarda da ita ya ninka ta nesa ba kusa ba, don haka haya za ka yi a can.

TAMBAYA: Idan mun shiga tsohon gari ya za mu yi da kekuna da kaya? Kuma wane irin kaya ne ya zama dole?

AMSA: Yawancin waɗannan garuruwan daɓen dutse ne a ciki, lunguna matsattsu, ga 'yan yawon buɗe ido cunkus suna tafiya ido na kan waya. Daga ƙofar gari ka sauka ka tura, ya fi maka mutunci, wasu titunan ma doka ce ta ce a sauka, Benis kuwa cikin tsohon birninta an hana keke gaba ɗaya. Daɓen dutse idan ruwa ya taɓa shi santsi ne kamar sabulu. Titin Santa Caterina da ke hawa zuwa tsakiyar Siyena, wanda 'yan tseren Strade Bianche ke bi kafin su ƙare a dandalin Piazza del Campo, tsininsa ya kai kashi 16 cikin 100 a wani wurin, wato duk mita 100 ka hau mita 16, su da ake biyansu albashi ma haki suke, balle kai da jakunkuna biyu.

Abin da nake yi, kafin in kama masauki sai na tambaya ko suna da ɗakin ajiye keke da ake kullewa, kuma ina duba a taswira ko masaukin yana sama ne ko ƙasan gari. Sau ɗaya wani masauki ya ce min akwai wuri, da na je ashe bene ne hawa uku ba lif, haka na kinkimi keken a kafaɗa bayan wuni guda ina hawa, tun daga ranar nake cewa a turo min hoton wurin. Ka fara ajiye kaya, ka yi wanka, sannan ka fita yawo da ƙafa. In tsayuwar rana ce kawai, ɗaure firam ɗin keken da tayar baya a jikin ƙarfen da ba ya cirewa, a inda jama'a ke wucewa, takardu da waya da kuɗi kuma suna cikin ƙaramar jakar da ba ta rabuwa da kai.

Maganar kaya, koma kan lissafin da na yi wa mai tambayar farko, kilo 10 na banza a kan kilo 100 ya ƙara maka kashi goma na wahala a kowane tudu. Kayan tuƙi biyu ka riƙa wanke ɗaya da dare, na fita ɗaya, rigar ruwa, tub biyu, faci, famfo, abin ɓanɓare taya, ɗan saitin makullan sassauta noti, mahaɗin sarƙa na gaggawa, fitilar gaba da ta baya, gora biyu. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 ta fi siririya daɗi a tsakuwa da daɓe, kar kuma ka cika mata iska tam. Ka riƙa cin wani abu kaɗan duk awa ɗaya tun kafin yunwa ta zo, don in ta kama ka a tsakiyar hawa ƙafa ce kawai za ta daina jin magana, kuma a ƙananan garuruwan kudancin Turai kantuna da yawa suna rufewa bayan azahar sai yamma, ka sayi abin da kake so tun da safe.

TAMBAYA: Duk Turai kake ta kira, Afirka fa?

AMSA: Ka yi gaskiya ɗan'uwa. Ruwanda ce ta fara zuwa min a rai, ba banza ake ce mata ƙasar tsaunuka dubu ba, kuma a Kigali aka yi gasar tseren keke ta duniya a watan Satumba na 2025, karon farko a nahiyar. Suna da hanyar Congo Nile mai wajen kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, daga Rubavu a arewa zuwa Rusizi a kudu. Tafkin kansa yana sama da mita 1,400 daga teku, ke nan tun kafin ka fara hawa ka riga ka yi sama, numfashi zai ɗan yi maka wuya kwanan farko. Hanyar hawa da gangara ce ba hutu, wani wurin ƙasa ce da duwatsu, don haka keken dutse mai faffaɗar taya da giya mai laushi ake so, kuma a guji lokacin ruwa mai yawa, wato wajen Maris zuwa Mayu, laka za ta hana ka motsi. A nan kilomita 40 a rana ma aiki ne, ka ware kwana biyar ko shida, ka kuma kwana ɗaya a Rubavu kafin ka fara don jiki ya saba da saman.